Gwiwa Ta Taɓa Ƙasa, Ɗan Goggo

Ɗan Goggo, bawana na gado. Da fatan ka isa Gwiwa lafiya, kuma ƙaurin da ka buga a benci daren nan ya sace. Na so in rufa maka asiri, don ko ba komai kakarmu ɗaya. To amma labari ya iso mini har Kazaure cewa kana bin majalisa-majalisa kana cewa wai birinka ne ya yi kisa, wai ni na fito daga gidan kallo ina sharar hawaye da bakin riga. Tunda a kasuwa kake so a yi ta, bismilla, ga ni na baje kolina.

Saboda masu karatu da ba su san mafarin rigimar ba, ga yadda aka yi. Wannan bawan Allah ya zo Kazaure sayen maganin feshi, ya sauka a gidana kamar yadda ya saba, ya share tuwon yara kamar yadda ya saba. Bayan isha'i ya ja ni wani gidan kallo a Kanti. Ranar babu ƙwallo, sai aka sa mana fim ɗin Godzilla vs. Kong, wanda ya fito a 2021. Ko rubutun farko ba a gama ba ya miƙe ya ce shi yana bayan biri. Ban yi mamaki ba. Mutumin da ake kira Ɗan Goggo ya ga goggon biri a allo, ai naka sai naka. Allah ya ja da ran Goggo, ba da ita nake ba, ita ma haƙuri take yi da kai. Ni kuwa na ɗauki ɗaya dodon, mai kama da guzan da aka yi wa kiwon shekara dubu, wanda kake kira Gwazila har yau duk da gyaran da yaran gidan kallo suka yi ta yi maka. Muka ƙulla alkawari, ba caca ba, alkawari: wanda gwaninsa ya sha ƙasa zai kawo zabi biyu.

Abin da ya shige maka duhu, Ɗan Goggo, shi ne ka shiga da niyyar jin labari, alhali dambe aka shirya. Da ka gane haka da ba mu kai ga jarida ba, domin dokar dambe ko yaron goye ya san ta: turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Kai da ka fito daga garin da sunansa ma Gwiwa, bai kamata a ce sai an yi maka bita ba.

Turmin farko a tsakiyar teku aka yi shi. An ɗauro birinka da sarƙa a kan jirgin ruwa, an ɗirka masa maganin barci, ana jiƙa shi da ruwan sama kamar ragon da aka manta a turke. Sai ga ƙayoyin bayan gwanina sun keto ruwa. A nan zan yi wa masu fim adalci, don sun iya. Lokacin da dodannin biyu suka tsaya a kan jirgin yaƙin nan mai ɗaukar jiragen sama, birinka ya kai wa nawa naushi a muƙamuƙi, gidan kallo gaba ɗaya ya ɗauki kuwwa, har ni sai da na dafe haɓa. Kana ganin nauyin hannun tun daga kafaɗa, kana ganin jirgin yana tangaɗi, ruwa yana tsiyaya daga gashi. Amma yaya aka ƙare? Guza ya nannaɗe biri da wutsiya ya yi ƙasan teku da shi. Ba don mutane sun saki bama-bamai a ƙarƙashin ruwa ba, da a nan za a rufe littafinsa. Da ya samu ya hauro yana aman ruwa, sai aka kashe injinan jiragen duka aka yi likimo, don gwanina ya ɗauka an mutu ya tafi. Wato sai da aka yi mutuwar ƙarya kafin a tsira. A lokacin ka ce mini ai an yi rashin adalci, biri ba ɗan ruwa ba ne. Wa ya aike shi?

Daga nan aka ga teku ba ta biyuwa, aka sa shi a raga, jirage masu saukar ungulu suka yi sama da shi zuwa Antatika, ƙasar ƙanƙara. Kallo ya koma sama, shaho ya ɗauki giwa. Kai kuwa ka miƙe tsaye kana tafi kamar ɗan uwanka ne ya samu kujerar Makka.

Turmi na biyu na bar maka shi, ba don halinka ba. A birnin Hong Kong aka yi, da dare, tsakanin dogayen benaye masu fitilu ja da shuɗi da ruwan hoda. Birinka ya zo da gatari da ya tsinto a gidan kakanninsa can cikin ƙasa, bakin gatarin ma da ƙayar bayan wani kakan gwanina aka yi shi. Ya yi ta tsalle daga bene zuwa bene yana kauce wa wutar da guza ke fesowa, ya tare ta da gatarin, ya daka tsalle ya sauke masa a ka. Kyakkyawan bugu ne, na yarda. Sai dai ka faɗa mini, a wane filin dambe ka taɓa ganin an shigo da gatari? Da a zamanin su Shago da Ɗandunawa wani ya yi haka, ai ko makaɗa ba za su bari ya fita da ƙafafunsa ba. A daidai nan ne ka yi tsallen murna ka haɗa ƙaurinka da benci, kuma a daidai nan janareta ya mutu karo na biyu. Ka lura da wani abu? An rushe rabin Hong Kong amma fitilar gidan da ya rage ko ƙiftawa ba ta yi ba. Mu da babu dodon da ya taka mu, sai da aka aika yaro sayo fetur a galan.

Da wuta ta dawo sai turmi na uku, wanda shi ne kake tsallakewa idan kana ba da labari a Gwiwa. Gwanina ya tashi ya bar wasa. Ya sauka a kan ƙafa huɗu kamar kada, ya bi birinka yana yaga, ya wurga shi har kafaɗarsa ta goce, ya karta masa ƙirji, sannan ya ɗora masa ƙafa ya danne. Ba gwiwa kaɗai ba, gadon baya ne ya taɓa ƙasa. Suka yi wa juna ruri fuska da fuska, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sannan nawa ya juya ya tafi abinsa. Zuciyar naka ta fara tsayawa, sai da aka jona masa wuta a ƙirji kamar motar da batirinta ya mutu a hanyar Roni. Shi kansa mai ba da umarnin fim ɗin, Adam Wingard, tun kafin a sake shi ya yi alkawarin ba za a tashi babu kisa ba. An yi kisa, Ɗan Goggo, kuma duk wanda ke gidan kallon nan ya ga wanda aka kashe. In kana neman abin riƙewa, koma 1962, karon da Japanawa suka fara haɗa su, inda bayan sun rufta teku biri ne aka gani ya taso yana iyo. A lokacin ko Goggo ba a kai ɗaki ba.

Na san inda za ka laɓe. Za ka ce ai biri ne ya farfasa dodon ƙarfen da ya fito a ƙarshen fim ɗin. Haka ne. Bayan an tashe shi, ya doka kafaɗarsa a jikin bene ta koma mazauninta, ko biri ya karye ai sai ya hau rumbu. Amma wa ya zuba wa gatarin wuta har ya yi kaifin sare ƙarfe? Kuma wannan ba ya cikin alkawarinmu. Ba mu yi da kai cewa in an tashi wasa aka yi taron dangi a kan wani ɓarawo za a lissafa ba.

Yanzu tunda na gama da kai, bari in juya kan fim ɗin, don shi ma yana da nasa kashin a gindi.

Ƙarfinsa ɗaya ne, kuma babba ne: ana ganin faɗan. Finafinai da yawa irin wannan a cikin duhu da hayaƙi da ruwan sama suke ɓoye dodonsu, ka yi ta zare ido ba ka san ƙafar wa ka gani ba. Wannan kuwa ya fito da su fili, wani karon da rana, wani karon a hasken fitilu. Kuma bai ja mu da nisa ba, minti 113 ne, lokacin da fim ɗin Indiya yake kaiwa kafin uban yarinya ya gano ana soyayya. Sannan sun ba birin hali. Farkon fitowarsa daga barci ya tashi, ya yi miƙa, ya sosa ɗuwawu, ya tafi ya tara kai a ruwa. Wallahi ina ganin haka na waiwaya na dube ka. Biri ya yi kama da mutum. Har ila yau akwai yarinyar nan Jia, kurma, wadda ita kaɗai yake saurara, suna zance da maganar hannu. Yarinyar da ta fito a matsayin, Kaylee Hottle, kurma ce a gaske. Duk surutun da manya suka yi a fim ɗin bai kai nauyin lokacin da ta ɗaga yatsa ɗaya shi ma ya miƙo nasa ba. A nan gidan kallo ya yi tsit, har kai.

Na ce har kai, domin sauran lokacin kai ne tafinta. Masu karatu, wannan mutum Turancinsa bai wuce na karanta kwalin maganin feshi ba, amma ya naɗa kansa mai fassara, yana jin shi ma ɗan Algaita ne, masu fassara finafinai. Duk inda Bature ya buɗe baki sai ya ce, "Cewa ya yi a gudu." Abin haushin shi ne sau da yawa ya dace. Wannan kuwa ba gwanintarka ba ce, raunin fim ɗin ne. Mutanen cikinsa ba su da abin faɗa. An tara manyan 'yan wasa, su Rebecca Hall da Millie Bobby Brown, an ba su aikin ɗaga kai sama da buɗe baki.

Dubi dai ɓangaren yaran nan biyu da wani mai yaɗa jita-jita da suka haɗu suka kutsa cikin kamfanin da ke ƙera dodon ƙarfe a asirce. Babu mai gadin da ya ce musu kanzil. Suka faɗa wani akwati, ya zura da su ta ramin ƙarƙashin ƙasa daga Fulorida ta Amurka har Hong Kong, suka fito ko ƙishirwa ba su ji ba. Kai da in ka taso daga Gwiwa zuwa Kazaure sai ka yi kwana biyu kana ba da labarin ciwon baya. Sannan wai a tsakiyar duniya akwai wata duniyar, da duwatsu da itatuwa da haske tar, ba wanda ya damu ya gaya mana ina ranar take. Gwanina kuma, duk da nawa ne zan faɗa, ya tsaya a Hong Kong ya sunkuyar da kai ya fesa wuta, ya huda rami tun daga kan titi har can ƙasan, cikin abin da bai fi a sha kofin shayi ba. Duk wanda ya taɓa ganin masu haƙar rijiya suna fama da dutse a ƙasar Roni ya san an raina masa hankali. Da gaske ne, da mun roƙa a ba mu aronsa mako ɗaya, ya bi ƙauyuka yana yi mana burtsatse.

Mai kamfanin kuwa tsohon labari ne da muka sani. Ya samo ƙoƙon kan wani mataccen dodo mai kai uku, ya jona shi da na'ura don ya mallaki abin da ya fi ƙarfinsa, abin ya farka ya fara da shi. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wannan na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne yadda aka raunana dodon ƙarfen. Na'urar da aka narkar da dukiya wajen ƙera ta, wadda take jan gwanina a ƙasa kamar buhun ƙaiƙayi, sai wani yaro ya tuttula giya a kan kwamfuta ta rikice. A nan liman ɗin unguwarku zai ce ka gani, ko ƙarfe ta shiga sai ta lalata shi.

Akwai kuma lissafin da ka ƙi saurara a hanyarmu ta komawa gida. An ce tsawon gwanina ya kai mita 120, naka kuma wajen 102. In nawa ya kwanta a filin ƙwallo, kai da ƙafa sai sun leƙa waje. In ya shiga dam ɗin Ayuba wanka, ban ga alamar zai jiƙa abin da ya wuce sunan garinku ba. To tun 1638 wani masani ɗan Italiya, Galileo, ya rubuta abin da maginan ƙasa suka sani a aikace: in ka ninka girman abu sau 2, nauyinsa sau 8 yake ƙaruwa, amma ƙarfin ƙashin da ke ɗauke da shi sau 4 kawai. Shi ya sa gindin ganuwa yake fin kanta kauri, shi ya sa ƙafar giwa take kamar turmi. Birinka ya ninka goggon biri na gaske kamar sau 60, ke nan kowane ƙashi nasa yana ɗauke da ninki 60 na abin da aka halitta shi ya ɗauka. Kafin ya yi tsalle ɗaya ya zube kamar katangar da damina ta ci. Ba a ma zo maganar ciki ba. Duk dabbar da aka kawo kasuwar Babura ranar kasuwa ba za ta yi masa karin kumallo ba, a nan ma kun yi kama. Amma wannan ban riƙe shi laifi ba. Wanda ya biya kuɗin ganin biri ya naushi guza bai zo darasin lissafi ba.

Laifin da na riƙe ya fi wannan nauyi, kuma a nan ina so ka daina sosa ƙauri ka saurara. Hong Kong gari ne na mutum sama da miliyan 7. A gabanmu aka tattake shi, benaye suna zubewa kamar an tuntsurar da tulin kwanuka. Ka ga gawa ko ɗaya? Ka ga ɗan garin da ya tsaya yana neman ɗansa? Aka tashi fim ana murmushi, biri ya samu gida. Mu nan in ɗaki ɗaya ya rufta da damina, unguwa kaf sai ta taru jaje, a yi mako ana zancen. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa, ya ga mutane a makarantun firamare da 'yan ƙullin kayansu, ya san abin da rushewar gari take nufi. Fim ɗin nan bai sani ba, ko kuma ya sani ya kawar da kai. Shi ya sa babu tsoro a cikinsa ko na anini. Ka yi ihu, ka yi tafi, ka fito ka sayi tsire da kuɗina, ka yi barci har da munshari.

Alhali kai ne wanda in kakarmu ta fara tatsuniyar matar nan da ta rasa mai taya ta ɗaukar kaya a bakin rafi, Dodo ya taya ta bisa alkawarin abin da ke cikinta, kake cusa kai a zaninta. Ba zan faɗi abin da ake tararwa a tabarmarka da safe ba, don yanzu kana da surukai. Me ya sa wancan Dodon yake hana ka barci, wannan mai mita 120 bai hana ba? Saboda na kaka bashi yake bi. Yana zuwa ƙofar gida ya kira suna. Haka macijin rijiyar Kusugu a Daura, nan maƙwabtanmu. Labarin bai damu da tsawonsa ba. Abin da aka riƙe shi ne ya hana gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Duk wanda ya taɓa kwana da ƙishirwa ya san girman wannan maciji ba sai an auna masa ba.

Shi ma gwanina da haka ya fara, kafin a mai da shi ɗan dambe. A 1954 kamfanin Toho na Japan ya fito da shi, Ishiro Honda ya ba da umarni, shekara 9 bayan an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. A watan Maris na shekarar ma, tokar gwajin bam da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, suka kwanta ciwo, ɗaya ya rasu. Dodon da ya fito daga teku yana ƙona Tokiyo a watan Nuwamba, kowane Bajapane ya san ko wane ne. Babu haɗa hoto da kwamfuta a lokacin. Mutum ne, Haruo Nakajima, ya shiga rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, buhun masara cur, yana tattaka gidajen wasan yara. Amma a fim ɗin akwai uwa rungume da 'ya'yanta wuta ta kewaye su, akwai asibiti cike da yara ana auna su. Rigar roba ta sa mutane kuka, abin da dala miliyan 155 ko fiye da aka kashe wa namu bai yi ba. In ka ce wannan tsohon zance ne, a 2023 Japanawan sun sake yi da Godzilla Minus One, da kuɗin da bai kai dala miliyan 15 ba. Suka sa mutanen da za ka damu in an taka su, kuma a 2024 suka karɓi kyautar Oscar ta gwanintar haɗa hoto. Namu dai ya tara wajen dala miliyan 470 a lokacin da korona ta rufe gidajen sinima da yawa, don haka masu shi ba su yi asara ba. Kai kaɗai ka yi.

Hukuncina ke nan: a matsayin dambe, fim ne da ya ci kuɗin shigarsa har da na fetur ɗin galan. A matsayin labari, kakarmu ta fi su ko tana gyangyaɗi.

Na ji kuma kana cewa a jira ramuwa, wai akwai na 2024. Na riga ka gani. Birinka ya fara da ciwon haƙori, sai da aka yi masa na ƙarfe. Daga baya aka ɗaura masa hannun ƙarfe, wato dai aka naɗa masa zare da taimakon hukuma. Suka haɗu a gindin dalar Masar, ya samu ya kai nawa ƙasa na ɗan lokaci, nawa ya farfaɗo ya sake ɗora masa ƙafa a ƙirji, sai da aka zo rabo. In kana so mu je mu gani tare, amma wannan karon a ƙasa za ka zauna, nesa da benci, kuma ba ka ba fassara.

Zabina biyu, Ɗan Goggo. Masu rai, ba waɗanda mota ta buge ba, kuma kada ka aiko yaro, da kanka za ka kawo su Kazaure. In watan cika-ciki ya kama ban ji kukansu a tsakar gidana ba, kada ka zo mini karɓar kuɗin shara. Ka gaida Goggo, ka ce mata ina nan tafe ranar Juma'a.